Idan A-kori-kura Ta Kama Rawa a Kan Gudu, Kada a Fara da Sayen Kaya

Akwai ƙorafin da masu a-kori-kura, musamman Hilux, ba sa gajiya da kawo mana gareji. Mota lafiyarta ƙalau a cikin gari, amma da an wuce Na'ibawa an miƙi hanyar Zariya, allurar maleji ta haura 80 ko 90, sai ta kama rawa. Kafin mai ita ya iso wurinmu galibi ya riga ya sha yawo. An yi masa balansin, an yi alaimen, an canja shoka, wani ma har sababbin tayoyi ya zuba, rawar kuma tana nan daram. Kuɗin sun salwanta ne don an fara da sayen kaya tun ba a gano abin da ke rawar ba. Alhali kowace rawa tana da lokacin zuwanta, da wurin da ake jin ta, da saurin bugunta, kuma su ne ke nuna wa bakanike inda ciwon yake.

Shi ya sa ba na ɗaukar sifana sai na zauna da direba. Direban nake so, don shi Alhaji yana kujerar baya yana amsa waya, wanda ke riƙe da sitiyari kullum shi ya san halinta. A nawa take farawa? In an ƙara wuta ƙaruwa take ko lafawa? A hannu kake jin ta ko a mazauni? Da kaya ko wayam? Sai tambayar da ta fi duka: wane aiki aka yi mata kafin ta fara? Sau tari amsar tana nan. "Wallahi Oga, tun ranar da aka canja kulochi," ko "tun da muka faɗa wani rami da daddare."

Daga nan sai mu hau titi tare, a nemi kwalta mai laushi wadda ba cunkoso. Idan an kai gudun da rawar ke tasowa, sai in ce ya sa firi na ɗan lokaci, injin ya koma silo, motar na gangarawa. Ba a kashe injin a wannan gwaji, don birki da sitiyari da shi suke aiki. In rawar ta ci gaba yadda take, to abin da ke jawo ta yana juyawa ne tare da hanya: taya, rim, boris ko farfela. In kuwa ta ɗauke, ko dai injin ne, ko wani abu ne da ba ya kuka sai an ɗora masa ƙarfi. Raba waɗannan biyun ba wuya. A tsaya gefe, a taka totur a firi har injin ya kai juyin da yake yi ɗazu. Rawar da ta dawo mota tana tsaye, a neme ta a injin sit ko a injin ɗin kansa, a ƙyale tayoyi su huta. Wadda kuma ba ta zuwa sai an taka birki, wannan faifan birki ne ya karkace, babu ruwan farfela.

Ga ɗan lissafin da nake koya wa yarana, don shi ke hana lalube. Taya mai lamba 265/65R17, irin wadda ke kan Hilux da yawa, kewayenta ya kusa mita biyu da rabi. A gudun kilomita 100 cikin awa tana juyi kamar sau 11 a daƙiƙa ɗaya. Farfela kuwa, saboda haƙoran da ke cikin bak-aksul, tana ninka haka kusan sau huɗu, wato wajen juyi 45 a daƙiƙa, kimanin 2,700 a minti. Jiki yana bambance su sarai. Rawar taya girgiza ce da ido ke gani, sitiyari na kaɗawa hagu da dama, kujerar da ba kowa tana karkarwa, ruwan gora na tsalle. Ta farfela ta fi gaban ƙirge. Zuuu kawai za ka ji a tafin ƙafa da ƙasan kujera, madubin tsakiya ya yi dishi-dishi, wani ruri ya cika kunne. Dalilin da ya sa ba a jin komai a cikin gari shi ne ƙarfin fizgar abin da bai daidaita ba yana ninkuwa fiye da gudun: a tashi daga 50 a koma 100, gudu ya ninka biyu, fizga ta ninka huɗu. Giram 50 kacal da ya yi yawa a bakin rim, a gudun 100 yana fizgar ƙafar mota da ƙarfin da ya kusa kilo shida.

Da taya ake farawa, don ta fi yawan laifi kuma binciken ta ya fi araha. Sai dai injin balansin nauyi kawai yake aunawa. Zai iya nuna sifili a kan tayar da ta kumbura ko wayarta ta tsinke daga ciki, kuma ba darmar da za ta mayar da ita zagayayya. A ɗaga motar da jak, a kafa alli dab da fuskar tayar, a juya ta da hannu a hankali. In tana taɓa allin a wani wuri tana gudunsa a wani, an gama magana. A leƙa bayan rim, musamman bayan damina ko ga motar da ke shiga gona, don busasshiyar laka ta kan maƙale gefe guda. Mun sha kwance taya mu tarar da ruwa kwance a ciki, daga kwamfuresar mai faci da ba a tsiyaye tankinta. In har yanzu ana shakka, a mayar da tayoyin gaba baya. Rawar da ta bar sitiyari ta koma kujera ta tona kanta. Mai sayen taya kuma ya duba lambobi huɗun nan da ke ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019 aka yi ta, komai ƙyallin da mai sayarwa ya goga mata.

Yanzu ga farfela, inda aka fi yin ɓarna. A yawancin masu ƙofa huɗu biyu ce aka haɗa, da santa boris a tsakiya yana riƙe da ita cikin roba, da kuros a gaɓoɓinta. Kafin a shiga ƙarƙashi a tokare tayoyi da kyau, a sa firi. In mota na cikin giya, nauyinta yana ɗaure farfelar, sai lalataccen kuros ya yi kamar lafiyayye. A kama bututun da hannu biyu, a murɗa, a tura sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya motsi ko kaɗan. A haska tocila a bakin kofunansa huɗu. Jan gari mai kama da tsatsa alama ce allurorin ciki sun bushe suna cin junansu. Wanda ya fi yaudara shi ne kuros ɗin da ya ƙage. Ba ya motsi, ba ya ƙara, bakanike ya girgiza ya ce lafiya lau. Sai an sauke farfelar an lanƙwasa gaɓar da hannu za a ji tana cijewa a gefe ɗaya. Tushen wannan duka rashin giris ne. Yawancin farfelolin nan suna da 'yan nonuwan da ake ɗura giris ta ciki, amma ana juyen baƙin mai shekara da shekaru ba wanda ya tuna da su, ga ƙura ga ruwan da ake kutsawa.

Akwai wani sirri na kuros da ya kamata duk mai taɓa farfela ya sani. Idan yana aiki a karkace, ba ya miƙa juyi daidai wa daida. Cikin kowane zagaye yana ƙara sauri sau biyu, yana ragewa sau biyu. Abin da ke gyara wannan shi ne kuros na ɗaya ƙarshen, wanda aka saita shi ya rage a daidai lokacin da ɗan'uwansa ya ƙara, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya. In aka saɓa musu hannu sai taɓare su yi karo. An taɓa kawo min wata mai ƙofa huɗu ta wani ɗan kwangila, wadda ta fara ruri bayan an canja mata kulochi. An yi balansin, an sa sabon santa boris, ba ta daina ba. Da na kwanta a ƙarƙashi na bi kunnuwan farfelar da ido, sai na ga na gaba da na baya ba su kan layi. Wanda ya yi aikin ya zare ta daga wurin haƙoran da take zamewa, ya mayar da ita a goce da 'yan haƙora. Muka zare, muka nemi alamar kamfani, muka mayar yadda take, muka ɗura giris. Ko washa ba a saya ba. Direban ya dawo daga gwaji yana cewa, "Oga, wai me ka sa mata?" Ɗigon fenti ko zanen ƙusa a kan kowace mahaɗa kafin a kwance, shi ne abin da zai hana wannan wahala tun farko.

A bi bututun kansa ma da kallo. Waɗannan 'yan faffaɗan ƙarafa da aka ɗiga da walda kusa da ƙarshensa ba ado ba ne, su ne balansin ɗinsa daga kamfani. In ka ga tabon inda ɗaya ya fita, ka sami abin nema. Haka lotsawa daga dutse, ko igiyar buhu da ta nannaɗe. Farfelar da aka yanke aka yi wa walda a bakin titi kuwa, ni ban taɓa amincewa da ita a kan gudun 100 ba. Mai zuwa Ƙofar Ruwa ko Panteka neman ta Baljiyam ya tafi da tsohuwar a hannu, a jera su a ƙasa a gwada tsawo da ramukan noti, a lanƙwasa kowace gaɓa kafin a biya. Sa sabon kuros ma aiki ne na matsewa a hankali. Wanda ya far masa da babbar guduma yana iya tanƙwara kunnen farfela ko ya kwantar da allura ɗaya a gindin kofi, rawar ta fi ta da.

Sai batun ƙarin sifirin, wanda na san zan ɓata wa wasu rai. Mai ɗaukar buhunan hatsi ko siminti yana so bayan mota ya daina zama, sai a ƙara masa ganye biyu ko uku. Motar ta ɗaga, ta yi kyan gani, amma karkatar da kuros ke aiki a kai ta canja. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada karkatar kowace gaɓa ta wuce digiri uku, kuma tsakanin gaɓoɓin da ke gyara wa juna kada bambanci ya wuce digiri ɗaya. Alamar wannan matsala ita ce kakkarwa lokacin tashi daga tsaye, da rawar da ke zuwa in an taka totur ta lafa in an saki, ko wadda ke ɓacewa da zarar an yi lodi. Yau ko wayar hannu tana auna karkata, in aka manna gefenta a jikin bututu da fuskar mahaɗa. Gyaran kan zama ɗan cikon ƙarfe mai tudu a ƙarƙashin sifirin, ko a ɗan sauke santa boris. Yubol da ya saki ko santa bol da ya karye su ma suna barin bak-aksul ya juya ya kawo irin wannan.

In an ga mai yana yoyo a bakin bak-aksul, mahaɗar wurin kuma tana motsi, kada a ce wa yaro ya ɗaure babban notin iya ƙarfinsa. Wannan notin shi ke saita matsin boris ɗin ciki, in ya zarce sai su ƙone. Masu ogzilari kuma su tabbata ba a manta ta a ciki ba bayan an fito daga yashi. Irin wadda ke kan mafi yawan Hilux ba a yi ta don busasshiyar kwalta ba.

Abin da ya sa nake matsa wa mutane a kan wannan, rawar farfela ba ta tsayawa a farfela. Tana cin sil da boris na bayan giyabos, tana kwance notoci, tana tsaga robar santa boris. Ranar da kuros na gaba ya tsinke a kan gudu, kan bututun ƙasa yake faɗowa. Yana iya cakar kwalta ya ɗaga bayan mota, ko ya yi ta dukan cikinta, inda tankin mai da bututun birki suke. Direban da ke kan hanya ya ji rawar ta ƙaru farat ɗaya, ko ya ji ƙwas a ƙasa duk lokacin da ya taka ko ya saki totur, ya sauke gudu a hankali ya sami wuri ya tsaya. Ya ja birkin hannu, ya tokare taya da dutse, ya kai bayan hannunsa kusa da kowane kuros ba tare da ya damƙa ba. Wanda ya fi sauran zafi shi ne ke shirin tafiya, kuma daga nan zuwa garejin da ya fi kusa kada allura ta wuce 40.