Ciyaman, Ga Abin Yi da Abin Bari Kan Kuɗin Yara

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya, mun sani. Amma tsarin mulkin 1999 bai jira wannan hukunci ba kafin ya sa hannun ƙaramar hukuma cikin firamare, kiwon lafiya da rajistar haihuwa. Don haka saurara.

Ka biya albashin malaman firamare da ma'aikatan asibitin shan-magani kafin ka taɓa ko sisi don wani abu. Kafin motar ofis, kafin kujerun Makka na magoya baya.

Kada ka gina sabon aji alhali na kusa da shi ba malami. Gini yana da farin jini saboda akwai kwangila a ciki, akwai yanka kyalle, akwai hoto. Alli, rajistar ɗalibai, gyaran rufin da iska ta yaye, man janareta ko batirin sola na firjin allurar riga-kafi, waɗannan ba mai yi maka kirari a kansu, kuma su ne aikin. Allurar da zafi ya lalata a firjin da ya mutu, an yi wa yaro ita a banza, uwarsa kuwa ta koma gida tana ganin ya tsira daga ƙyanda. Ka ware wa irin waɗannan layi nasu a kasafi, ka hana a karkatar da shi.

Ka san kuɗin da ba a asusunka suke ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta karɓa sai ta ajiye nata kason. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 don lafiya a matakin farko. Ka tura sakataren ilimi ya matsa wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, kai kuma ka bi sawu da ƙafarka. Wanda ya zauna jira, ƙaramar hukumar maƙwabta ce za ta kwashe ajujuwan.

Kada ka bar kowane sashe da lissafinsa. Yaron da ke fama da tamowa a asibiti, shi ne wanda ba shi da takardar haihuwa, shi ne kuma gobe zai tsaya da kwano a tasha. Ka zaunar da shugaban sashen lafiya, sakataren ilimi, jami'in walwalar jama'a da ma'aikacin Hukumar Ƙidaya a teburi ɗaya kowane wata, kowa ya zo da sunaye, unguwa-unguwa.

Kada ka tsallake hakimi, dagaci da mai unguwa. Bayan ƙauracewa allurar shan-inna a Kano a 2003, sai da sarakuna da malamai suka sa baki kafin ƙofofi su buɗe, har aka kai ga sanar da kawar da cutar daga Najeriya a 2020. Mai unguwa ya san gidan da aka yi suna jiya. Kai ba ka sani ba.

Alarammomi ma a gayyace su, a ƙirga almajiransu cikin masu karɓar maganin zazzaɓin damina da gidan sauro.

Kada ka ɗauki ɗan kansila aikin koyarwa don ya yi maka yawon kamfe. Idan bai iya karanta abin da zai koyar ba, ka nema masa wani abin.

Ƙungiyoyin agaji kuwa, ka karɓe su hannu biyu, amma kada ka saki aikin da suka fara ya mutu ranar da suka naɗe tabarma. Tun ranar sa hannu ka tambaya: nawa zai ci mu a shekara idan kun tafi?

Sannan ka liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe a allon sakatariya duk ƙarshen wata, da Hausa, da boko da ajami, makaranta-makaranta, asibiti-asibiti, yadda kwamitin iyaye zai iya zuwa ya duba ko bencin da aka ce an saya ya iso.