Yadda Ake Sauya Hoton Waya Ya Dace da Shafukan Intanet

Sau da yawa matashi zai zauna cike fom ɗin neman aiki ko gurbin karatu a intanet, ya zo wurin ɗora hoto, shafin ya ƙi karɓa. Hoton ya fita tas a waya, amma sai saƙo ya fito cewa ba a gane nau'in fayil ɗin ba, ko kuma ya yi nauyi. Idan aka yi rashin sa'a ranar rufe rajista ce, wannan 'yar matsalar kan sa mutum ya rasa damar baki ɗaya. Abubuwa biyu ke jawo ta: nau'in fayil da nauyinsa, kuma duk ana gyara su a cikin wayar.

Nau'o'in hoto da ya kamata a sani

Haruffan da ke ƙarshen sunan fayil su ke nuna nau'insa. JPG, wanda ake kuma rubutawa JPEG, ya fito tun 1992, kuma da wuya a samu shafi ko na'urar da ba ta buɗe shi. Shi ya fi dacewa da hoton fasfo da hotunan kayan sayarwa.

PNG ya fi kyau ga tambarin kasuwanci da hoton fuskar waya mai ɗauke da rubutu, domin ba ya rage inganci, kuma yana iya barin bayan hoto babu launi. Sai dai idan aka ajiye hoton kyamara a PNG, nauyinsa kan ninka.

WebP na kamfanin Google ne, ya fito a 2010. A gwajin kamfanin, ya fi JPG mai inganci iri ɗaya sauƙin nauyi da kashi 25 zuwa 34 cikin ɗari. Chrome da Firefox da Safari duk suna nuna shi, shi ya sa masu shafuka suke son sa.

HEIC kuwa shi ne wanda iPhone ke ajiye hoto da shi tun fitowar iOS 11 a 2017. Yana rage cin wuri a waya ƙwarai, amma shafukan cike fom da yawa da tsofaffin kwamfutoci ba su san shi ba. Yawancin ƙorafin masu iPhone daga nan yake tasowa.

Sauyawa a iPhone

Don hotunan da za a ɗauka nan gaba, a shiga Settings, a taɓa Camera, sannan Formats, a zaɓi Most Compatible. Daga nan wayar za ta riƙa ajiyewa a JPG. Wannan bai shafi hotunan da aka riga aka ɗauka ba.

Ga tsohon hoto, a buɗe shi a Photos, a danna alamar turawa, a zaɓi Save to Files. Sai a shiga manhajar Files, a danne hoton na ɗan lokaci, a taɓa Quick Actions, sannan Convert Image. A zaɓi JPEG, a kuma zaɓi girman da ake so. Wannan hanya tana aiki daga iOS 16 zuwa sama, kuma ba ta buƙatar data.

Sauyawa a Android

Mafi yawan wayoyin Android dama JPG suke ajiyewa. A wayoyin Samsung akwai zaɓin High efficiency pictures a saitin kyamara. Idan a kunne yake, hotuna za su fito a HEIC, don haka mai yawan ɗora hoto a shafuka gara ya kashe shi.

Rage nauyi

Sauya nau'i kaɗai ba ya wadatarwa idan shafin ya ƙayyade nauyi. Kyamara mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai faɗin 4032 da tsawon 3024, wato ɗigo sama da miliyan 12. Idan aka mayar da shi 1200 da 900, ɗigon bai wuce miliyan ɗaya da ɗoriya ba, amma a fuskar waya ido ba zai ga wani bambanci ba.

Squoosh, manhajar kyauta da injiniyoyin Google suka ƙirƙira, tana yin wannan aiki a cikin burauza. A buɗe squoosh.app, a zaɓi hoton, a kunna Resize, a rubuta faɗin da ake so. Sai a zaɓi MozJPEG idan JPG ake buƙata, ko WebP idan shafin mutum ne na kansa. A bar ma'aunin inganci wajen 75, a duba nauyin da ya nuna, a sauke. Aikin a cikin wayar yake gudana, hoton ba ya tafiya ko'ina.

Ga mai sayar da atamfa ko takalma a shafinsa, lissafin a fili yake. Hotuna 20 masu nauyin 3MB kowanne za su ci wa mai saye 60MB. Idan aka rage kowanne zuwa 200KB, duka 4MB ne. Inda sabis ba shi da ƙarfi, mai saye ba zai tsaya jiran shafi mai nauyi ba.

Abubuwan kiyayewa

Canza sunan fayil daga .heic zuwa .jpg ba ya sauya komai, abin da ke ciki yana nan yadda yake. Haka kuma kada a goge hoton asali, domin duk lokacin da aka sake matse JPG ingancinsa na raguwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Kada a ɗora katin shaida, fasfo ko takardar makaranta a shafukan sauya hoto da ba a san masu su ba, tunda akasarinsu sai sun karɓi fayil ɗin a kwamfutocinsu kafin su sauya shi. Hoton waya kuma kan ɗauki bayanin wurin da aka ɗauke shi. A iPhone, kafin turawa, a taɓa Options a kashe Location.

Kafin a fara cike kowane fom, a karanta nau'i da nauyin da shafin ya nema, a shirya hoton tun da wuri, a ajiye shi a wurin da za a same shi cikin sauƙi.