Kokawar Shiri da Tseren Keke

Mai karatu, ka san kokawarmu ta bayan kaka: wanda aka kayar ya faɗi ke nan, ba gardama. A Amurka kuwa akwai wata kokawa ta neman kuɗi wadda ba haka take ba. Tun ba a shiga fage ba, masu kamfani sun riga sun yanke wanda zai ci. Akan mai da ɗaya mutumin kirki, ɗayan kuma mugu, domin taro su sami wanda za su ƙi. Wani ma yakan ɓoye guntun reza, ya tsaga goshinsa da kansa don a ga jini.

Sun daɗe suna rufe wannan asiri. A 1987 'yan sanda suka kama Jim Duggan da Iron Sheik cikin mota ɗaya a jihar New Jersey, ga shi kuwa a gaban jama'a abokan gaba ne. A 1989 kamfanin WWF da bakinsa ya shaida wa majalisar jihar cewa abin wasa ne na nishaɗi, ba gasa ba, domin ya kuɓuta daga dokoki da harajin hukumar wasanni. Duk da haka 'yan kallo ba su daina zuwa ba. Amma fa hatsarin na gaske ne: a 1999 Owen Hart ya faɗo daga can saman zauren wasa a Kansas City, ya mutu.

A ganina batun keke ya fi wannan nauyi, gama a nan an ce wa mutane gasar ta gaskiya ce. An soma babban tseren kewaya Faransa a 1903. Shekara ta biyu ke nan, a 1904, aka soke mutum huɗu na gaba saboda maguɗi, har aka zargi waɗansu mahaya da shiga jirgin ƙasa. Henri Cornet, ɗan shekara 19, shi aka ba nasara.

Lance Armstrong ya ci tseren nan sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005, bayan ya warke daga ciwon daji. Marasa lafiya da yawa suka ɗauke shi abin ƙarfafa zuciya. Ashe yana yin allurar EPO, watau maganin da ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini, su ne masu kai iska ga tsoka, sai mutum ya hau tudu bai gaji da wuri ba. Akan kuma ɗebi jininsa a ajiye a wuri mai sanyi, a mayar masa a tsakiyar tsere. Waɗanda suka faɗi gaskiya, har da matar da take yi masa tausa, sai ya ɓata musu suna, ya kai su ƙara.

A 2012 aka ƙwace nasarorin duka bakwai, a Janairu 2013 ya amsa laifinsa a talabijin. Ba a ba kowa matsayinsa ba, gama da yawa cikin waɗanda suka biyo bayansa su ma an same su da irin wannan laifi. A littafin tseren, shekarun nan bakwai ba su da sunan wanda ya ci.