Nahiyar Afirka: Shimfiɗarta da Kogunanta da Iskokinta

Masana labarin ƙasa sun kasa tudun duniya kashi bakwai, kowane kashi ana ce da shi nahiya. Tamu ita ce Afirka, Asiya ce kaɗai ta fi ta girma. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 30, watau wajen kashi ɗaya cikin biyar na dukan tudun duniya. Daga arewacinta zuwa kudancinta kilomita 8,000 ne. In da mutum zai tashi daga bakin teku a Tunisiya, ya riƙa cin kilomita 40 kullum ba hutu, sai ya yi kwana 200 kafin ya kai ƙarshen Afirka ta Kudu.

Ku ɗauko taswira ku duba, za ku ga ruwa ya kewaye ta. Bahar Rum na arewa, Tekun Atalantika na yamma, Tekun Indiya da Bahar Maliya suna gabas. A Masar ne kawai ta manne da Asiya, can ma an haƙa mashigin ruwa na Suwez, aka buɗe shi cikin shekarar 1869, don jirage su riƙa wucewa. Ku duba kuma wani layi da aka ja a tsakiyar taswirar, ya ratsa Gabon da Kwango da Uganda da Kenya da Somaliya. Sunansa Ikwaita. Ba a ganinsa a ƙasa, masana ne suka ƙaddara shi don ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Ku riƙe sunan nan da kyau, gama za mu komo kansa.

Shimfiɗar Ƙasa

Afirka ta yi kama da akushi da aka kife. Bakin teku ƙasa-ƙasa yake, amma da mutum ya ɗan shiga ciki sai ya tarad da hawa, daga nan kuma sai shimfiɗaɗɗen tudu iyakar ganin ido. Gabas da kudu sun fi arewa da yamma tsawo. A gabas ne dutsen da ya fi kowane tsawo a nahiyar yake, watau Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, mai mita 5,895. A nan yamma Dutsen Kamaru ne babba, mita 4,040, shi kuwa mai aman wuta ne, ya yi a 1999, ya kuma yi a 2000. Akwai duwatsun Atlas a Maroko da Aljeriya, da tuddan Habasha, da duwatsun Azbin a Nijar, da tudun Jos a Nijeriya.

Abin mamaki, Kilimanjaro bai yi nisa da Ikwaita ba, inda rana take da ƙarfi ƙwarai, amma da ƙanƙara a kansa rani da damina. Dalili kuwa shi ne, iska takan ƙara sanyi in ana hawa sama. Kowace mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Abin da ya sa ke nan Jos ta fi Lakwaja sanyi, har ake noman dankalin Turawa a can.

A gabas har wa yau akwai wani dogon kwari inda ƙasa ta tsage tun zamanin da ba mai tunawa. Ya taso daga Bahar Maliya, ya ratsa Habasha da Kenya da Tanzaniya, har ya kai Mozambik. Ruwa ya taru a cikinsa ya zama tafkuna masu tsawo da zurfi. Ɗaya daga cikinsu, Tafkin Tanganyika, zurfinsa ya kai mita 1,470.

Koguna

Bayan akushin nan ba sumul yake ba, yana da lotsattsun wurare masu faɗi, kamar ƙwarya-ƙwarya. Ruwan sama yakan gangara ya taru a cikinsu, sa'an nan ya nemi hanyar fita zuwa teku. Manyan kogunanmu huɗu haka suka samu.

Na fari shi ne Nilu, mai tsawon kilomita 6,650. Rassa biyu ne suka haɗu a Hartum suka yi shi. Farin Nilu ya fito daga wajen Tafkin Biktoriya, Shuɗin Nilu kuwa daga Tafkin Tana na Habasha. Ruwan da akan yi a Alƙahira shekara guda bai kai na hadari ɗaya mai kyau a Zariya ba, amma mutanen Masar suna noman alkama da auduga da shinkafa. Da ruwan da ya sauka a Habasha da Uganda suke yi. Don haka ne da Habasha ta soma gina babbar madatsar ruwa a kan Shuɗin Nilu cikin 2011, hankalin Masar ya tashi, aka yi ta ja-in-ja.

Na biyu shi ne Kwango, mai kilomita 4,700. Ya ƙetare Ikwaita sau biyu, saboda haka in damina ta ɗauke a wani gefensa, tana sauka a ɗayan, ba ya rasa ruwa. Kogin Amazon na Amurka ta Kudu ne kaɗai ya fi shi zuba ruwa a teku.

Na uku shi ne namu, Kogin Kwara, wanda ake ce wa Neja. Ya ɓuɓɓugo daga tuddan Gini, wajen kilomita 240 kacal daga teku, amma sai ya juya wa tekun baya ya nufi hamada. Ya wuce Bamako, ya gitta kusa da Tambutu, sa'an nan ya karkato kudu ta Gawo da Yamai, ya shigo Nijeriya, ya gamu da Binuwai a Lakwaja, ya je ya faɗa Atalantika bayan tafiyar kilomita 4,180.

Na huɗu shi ne Zambezi, can kudu. A tsakanin Zambiya da Zimbabwe ya faɗo daga kan dutse mai tsawon mita 108, feshinsa na tashi sama kamar hayaƙi. Yawancin kogunanmu suna da irin wannan gangare inda suke saukowa daga tudu, shi ya sa jirgin ruwa ba ya iya binsu daga teku har ƙurya. Amma ƙarfin ruwan yana da amfani, da shi akan juya injin lantarki, kamar yadda ake yi a Kainji tun 1968.

Ba kowane ruwa ke kaiwa teku ba. Wanda ya sauka a Gusau yakan bi Kogin Sakkwato ya shiga Kwara, ya ƙare a Atalantika. Wanda ya sauka a Kano kuwa gabas yakan nufa, ya bi Kogin Haɗeja zuwa Kogin Yobe, abin da ya tsira daga rana da yashi ya shiga Tafkin Cadi. Tafkin nan ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa zuwa teku.

Iskoki Biyu

To, ina ruwan saman nan yake fitowa, don me kuma yakan zo a wasu watanni ya ɗauke a wasu? Amsar tana ga rana. Duniya a karkace take kewaya rana, saboda haka wurin da rana ke tsayawa tsakar ka yakan sauya. Cikin Maris tana kan Ikwaita, ta yi ta matsowa arewa har Yuni, sa'an nan ta koma, ta ƙetare Ikwaita cikin Satumba, ta kai iyakarta ta kudu cikin Disamba. Duk inda ta tsaya ƙasa takan yi zafi, iskar wurin ta yi sama, iskokin gefe su rugo su cike gurbinta.

A Afirka ta Yamma iskoki biyu ne ke wannan tsere. Ɗaya daga kan Tekun Atalantika take tasowa, kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ɗayar kuwa daga Sahara, arewa maso gabas, busasshiya ƙayau. Sa'ad da rana ta matso arewa, zafin bazara yakan tsananta, iskar teku ta biyo ta tana tura ta hamada baya. Laimar ta hau sama ta yi sanyi, ta zama gizagizai, hadari ya haɗu, ruwa ya sauko. Damina ke nan. Da rana ta juya kudu, sai iskar teku ta bi ta, ta hamada ta mamaye ƙasa. Hunturu ke nan, lokacin da leɓe ke tsagewa, hazo ya rufe gari. Mafi yawan ƙurar nan daga wani busasshen kwari na arewacin Cadi take, mai suna Bodele, wata ma har takan ƙetare teku ta sauka a Amurka ta Kudu.

Iskar teku tana tafiya tana zubad da kayanta, saboda haka na kusa da teku su ne da rabo mai tsoka. Ana auna ruwan sama da zurfin da zai yi in da ya tsaya inda ya sauka, bai gangara ba, bai ƙafe ba. A Debunsha, gindin Dutsen Kamaru, ruwan shekara yakan kai milimita 10,000, watau zurfin wata rijiyar. A Fatakwal ya wuce 2,000. A Kano wajen 800 ne, ya kai ƙugun yaro. A Damagaram wajen 400, a Agadas bai kai 200 ba, a Bilma kuwa da ƙyar ya rufe gaɓar yatsa.

Tsire-tsire ruwan nan suke bi. Inda ya yi yawa sai kurmi mai duhu, da kwakwar manja da koko da goro. Gaba kaɗan sai dajin ciyawa mai tsawo, da kaɗanya da ɗorawa, ƙasar doya da dawa. Gaba kuma sai kuka da gawo da aduwa, ƙasar gero da wake da kiwo, ita ce ake kira Sahel. Daga nan sai Sahara, mai murabba'in kilomita miliyan 9, inda ba a zama sai wurin da aka sami rijiya da dabino. Ita ma dā ba haka take ba. A duwatsun Azbin akwai siffofin raƙuman dawa da mutanen dā suka sassaƙa shekaru dubbai da suka wuce, shaidar cewa a lokacin akwai itatuwa da ciyawa a wurin.

In kun ƙetare Ikwaita kuka nufi kudu, sai ku sake tarad da jerin nan: kurmi, da dajin ciyawa, sa'an nan hamadar Kalahari da ta Namib. Amma lokatansu kishiyar namu ne. Sa'ad da muke jin ɗari cikin Janairu, manoman Zambiya suna tsakiyar damina. Bakin nahiyar biyu kuwa, watau gaɓar Bahar Rum da wajen birnin Kef, cikin sanyi suke samun nasu ruwan, suna noman alkama da inabi da zaitun.

In Ruwa Ya Ƙi

Mu mutanen Sahel muna kusa da inda iskar teku ke gajiya. In ta yi ƙarfi wata shekara, rumbu ya cika, wani lokaci ma har ambaliya ta yi ɓarna, kamar yadda aka gani a Nijeriya cikin 2012 da 2022. In ta kasa, shuka ta ƙone. Haka ya faru cikin 1973, da kuma 1984, dabbobi suka mutu ba iyaka, mutane da yawa suka bar garuruwansu saboda yunwa. Tafkin Cadi, wanda a 1963 ya kai murabba'in kilomita 25,000, ya janye har bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Garuruwan masunta suka wayi gari nesa da ruwa. Masana sun kuma tabbatar duniya tana ƙara zafi saboda hayaƙin man fetur da kwal da ake ƙonawa. Ƙanƙarar kan Kilimanjaro ma ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 tun daga 1912.

Ba mai iya juya iska sai Allah, amma ɗan Adam yana da abin yi da ruwan da aka ba shi. Ƙasar da ke da itatuwa takan riƙe ruwa, wadda aka sare kuwa sai ruwan ya kwashe ta ya bar zaizaya, iska ta kwashe saura. Bayan farin 1984 manoman Maraɗi da Damagaram suka daina tumɓuke tohon itatuwa a gonakinsu, suka riƙa gyara shi suna barinsa ya girma. Ta haka miliyoyin itatuwa suka komo. Gawo ya fi kowanne shiga ransu, gama yakan zubad da ganyensa da damina, bai tare wa gero rana ba, ganyen kuma ya zama taki. Cikin 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin raya itatuwa a Sahel, tun daga Senegal har Jibuti. Yaron da ya dasa itace ɗaya a makarantarsu, ya kāre shi daga awaki har ya girma, ya sa hannu ke nan cikin wannan babban aiki.

Tambayoyi

1. Waɗanne tekuna ne suka kewaye Afirka?
2. Me ya sa ake samun ƙanƙara a kan Kilimanjaro?
3. Ina ruwan da ya sauka a Kano yakan ƙare? Na Gusau fa?
4. Faɗi iskoki biyu da ke kawo mana damina da hunturu, da inda kowace ke tasowa.
5. Don me manoma ke son gawo a gona?
6. Zana taswirar Afirka cikin littafinka, ka nuna Ikwaita da manyan koguna huɗu.
7. Tambayi wani dattijo a garinku abin da ya gani a farin 1984, ka rubuta shi cikin layi goma.