Karatun Kasuwancin Noma a Jami'a

Idan aka tambayi ɗaliban makarantarmu abin da suke son zama bayan sun gama jami'a, yawancinsu za su ce likita, ko injiniya, ko lauya. Da wuya ka ji wanda zai ambaci aikin gona, alhali kuwa da yawa daga cikinmu da kuɗin gero da gyaɗa da shinkafa aka saya mana akwati da katifa. Saboda haka na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayanin wani fanni da ba a cika zancensa ba, watau ilmin tafiyar da kasuwancin noma da sana'o'in karkara. Ni kaina shi nake da niyyar karantawa in Allah ya yarda.

Wannan fanni yana koyar da yadda za a riƙe gona, ko garke, ko injin casar shinkafa, kamar yadda ɗan kasuwa yake riƙe kantinsa. Masanin shuka yana nuna wa manomi yadda zai sami yabanya mai kyau. Shi kuwa mai wannan ilmi tambayarsa ita ce: nawa aka kashe, nawa aka samu, yaushe za a sayar, kuma wa za a sayar wa? Ana koya masa tsimi da tanadi, da ajiye littafin shiga da fitar kuɗi, da sha'anin rance, da hanyoyin adana amfanin gona da kai shi kasuwa, da yadda ake kafa ƙungiyar gama kai.

Bari in kawo misali, domin a ga irin lissafin da ake yi. A ce manomi ya sami buhu 20 na masara. Kuɗin taki ya ci buhu 5, iri da maganin feshi buhu 2, 'yan ƙwadago buhu 4, dako da buhuna buhu 1. Saura buhu 8 ke nan, kuma a nan galibi ake tsayawa a ce an ci riba. Amma da sauran lissafi. Aikin da shi da 'ya'yansa suka yi tun daga huɗa har girbi yana da farashi, a ce buhu 3. Gonar ma, da ya ba da ita haya da ya karɓi wani abu, a ce buhu 2. Ashe ribar gaskiya buhu 3 ce tak. Manomin da ya san haka zai yi tunani kafin ya ci bashi da damina a kan zai biya da hatsi da kaka, kuma zai iya gwada masara da waken suya ya ga wanda ya fi masa.

Darasi na biyu shi ne lokacin sayarwa. Kowa ya san hatsi yakan yi araha da kaka, domin kowa ya kawo nasa kasuwa a lokaci guda, sa'an nan yakan tashi idan bazara ta yi. Ƙaramin manomi yakan sayar da kaka don biyan bashi da hidimar biki, daga baya ya koma ya sayi tiya da tsada. To, amma ajiya ma ba kyauta ba ce. Akwai kuɗin sito, akwai ɓarnar ƙwari da ɓeraye, kuma wata shekarar farashin yakan faɗi, mai ajiya ya yi hasara. Ɗalibin wannan fanni yana koyon auna duk waɗannan. Misali, akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda yake hana iska shiga, ƙwarin wake su mutu ba tare da an zuba magani ba. Ya fi buhu na yau da kullum tsada, sai an yi lissafi za a san ko waken da ya tsira ya biya kuɗinsa.

Tarihin ƙasarmu ma yana nuna muhimmancin wannan ilmi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya bunƙasa tun daga 1912, har aka riƙa tara buhuna ana yin dalar gyaɗa. Fatake irin su Alhassan Ɗantata sun yi suna a wannan ciniki saboda sun san inda za su saya da yadda za su kai. Daga baya farin da aka yi tsakanin 1972 da 1974, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, da komawar hankalin gwamnati kan man fetur, suka taru suka kawar da dalar. A da hukumomin sayen amfanin gona su ne suke yanka farashin gyaɗa da auduga, amma a 1986 aka rushe su. Tun daga lokacin, neman mai saye da daidaita farashi ya koma wuyan manomi da dillali. Wanda bai iya lissafi ba kuwa, shi ake ƙwara.

Ga kuma misalin tumatir. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ita take shayar da gonakin Kadawa da Kura a Jihar Kano. Idan tumatir ya nuna da rani, yakan yi yawa har kwando ya faɗi warwas, wani ya ruɓe a bakin hanya, wani a shanya shi a yi kauɗa. Bayan 'yan watanni kuma sai ya gagari talaka. A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa, amma ta tsayar da aiki fiye da sau ɗaya saboda ba ta samun isasshen tumatir a kai a kai. Wannan ya nuna mana cewa gina masana'anta kaɗai ba ya isa. Dole a sami mutanen da za su tsara yarjejeniya tsakaninta da manoma: wane iri za a shuka, yaushe, nawa za a saya, wa zai ɗauki nauyin dako. Irin waɗannan mutane ake horarwa a wannan fanni.

Kada a ɗauka zancen manyan masana'antu ne kawai. Uwar da take soya ƙuliƙuli tana matse man gyaɗa, da mai injin niƙa, da mai kilishi, da Bafillatanar da take kawo nono da man shanu, duk masu sana'ar karkara ne. Idan mata 20 suka haɗa kai suka sayi gyaɗa da kaka a sari, suka ajiye littafi, za su fi samun rance daga banki, domin banki rubutu yake dubawa. Don haka 'yan'uwanmu mata suna da babban rabo a wannan karatu.

A Nijeriya galibi ana samun fannin a tsangayar aikin gona, ƙarƙashin sashen tsimi da tanadin noma. Akwai shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, kuma take da cibiyar binciken aikin gona a Samaru. Akwai shi a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da jami'o'in aikin gona da aka kafa a Abeokuta da Makurɗi a 1988. Digirin aikin gona yakan ɗauki shekara 5, a ciki har da shekara guda ta aiki da hannu a gona. Ana bukatar kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, waɗanda suka haɗa da Turanci, da Lissafi, da Kemistiri, da Bayoloji ko Ilmin Aikin Gona, sa'an nan a ci jarrabawar JAMB. Sharuɗɗan sukan ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, saboda haka a tuntuɓi malamin ba da shawara tun da wuri. Ƙannenmu da ba su zaɓi darussa ba tukuna su lura: wanda ya guje wa Lissafi da Kemistiri ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Wanda ya gama yana iya aiki a ma'aikatar gona, ko Bankin Manoma, ko kamfanin taki da iri, ko masana'antar shinkafa, ko ya zama manajan babbar gona. Ba zan ce aiki yana jiran kowa a bakin ƙofa ba, don mun ga yayyenmu masu digiri suna zaune. Amma wannan ilmi yana da wata fa'ida: ko ba a ɗauke ka aiki ba, kana iya fara kiwon kaji ko sarin hatsi da ɗan jarinka, kana sane da abin da kake yi.

Ba sai mun jira jami'a ba. Ni dai tun hutun da ya wuce na sayi littafi na fara rubuta wa mahaifina duk abin da ya kashe a gonar rani, kuma ina ba kowane ɗan manomi shawara ya gwada. Haka kuma ina roƙon shugabannin ƙungiyar matasa manoma ta makarantarmu su buɗe littafin gonar makaranta, kowa ya ga abin da aka kashe da abin da aka samu.

Daga ƙarshe ina kira ga iyayenmu, idan ɗanku ko 'yarku ta ce wannan fanni take so, kada ku ce kun kai ta makaranta ne don ta rabu da fartanya. Hausawa sun ce noma na duƙe tsohon ciniki. Duƙawar kun riga kun koya mana, saura ku bar mu mu koyo cinikin. Allah ya ba mu sa'a, ya kuma ba mu damina mai albarka, amin.