Tattabaru a Rufin Ɗaki, da Yadda Za Ka Rabu da Su

Kai mai karatu, babu shakka ka san tattabara. Wataƙila ma ka taɓa kiwonta kana yaro, ka kafa mata tukunya a jikin katanga, kana watsa mata gero da safe. Wannan ta kiwo ce, mai ita ya san da zamanta. Wadda za mu yi magana a kanta ita ce wadda ba ka gayyata ba, ta zo ta tare maka a kan soro, ko cikin silin, ko ƙarƙashin farantin sola, ita da danginta. Wani lokaci tattabarun gida ne da suka ɓalle wa mai su, wani lokaci kuwa hasbiya ce, mai jan nan kewaye da ido, wadda da a kan giginya aka fi ganinta, yanzu ta saba da dogayen gine-gine.

Da fari ba ka kula da su, gama biyu ne ko huɗu. Kafin shekara ta kewayo sai ka ga sun zama garke. Kukansu ya hana ka barcin asuba, kashinsu ya ɓata bango da tufafin da aka shanya. Tattabara guda ta kan yi kashin da ya kai kilo 10 ko fiye a shekara, shi kuwa yana cin kwano sannu a hankali. Gashinsu da tsinkayen sheƙarsu su kan toshe indararo, ruwan damina ya kwanta a kan soro, ya jiƙa ƙasa, azara ta ruɓe. In kuwa gidanku ana tarar ruwan sama daga rufi don sha, to, ka san abin da ke gangarowa cikin randa.

Kafin ka yi faɗa da abu, ka san halinsa. Kakannin tattabarar gida a duwatsu su ke zama, su yi sheƙa a tsagar dutse ko bakin kogo, inda muzuru ba ya iya hawa. Don haka in ta ga bakin taga mai faɗi, ko rata tsakanin bango da kwano, a wurinta dutsen kakanninta ke nan. Ƙwai biyu ta ke yi. Ita da namijin su ke karɓa-karɓar kwanci, shi da rana, ita da dare, har wajen kwana 18, sa'an nan su ƙyanƙyashe. Ga kuma wani abin mamaki: uwa da uba duka suna da wani abu kamar nono mai kauri da ke fitowa daga jakar nan ta wuyansu inda hatsi ke fara taruwa, da shi su ke ciyad da 'yan shila a kwanakin farko. Yawancin ƙananan tsuntsaye sai sun jira lokacin da ƙwari suka yi yawa kafin su yi 'ya'ya. Tattabara ba ruwanta da wannan jira. Muddin iyaye sun ƙoshi, rani da damina duk ɗaya ne, har ta kan yi sababbin ƙwai tun 'ya'yan farko ba su bar sheƙa ba. 'Yan shila su kan tashi bayan wata guda da 'yan kwanaki, su ma kafin su cika shekara sun fara nasu ƙwan.

To, ka ga ke nan abin da ke yawaita su abinci ne da wurin kwana. Wanda bai gane wannan ba ya kan sha wahalar banza. Ya sa yara su harbe su da danƙo, su tashi, su kewaya, su komo. Ya kafa mutum-mutumi, ko ya rataya gwangwanaye, kwana kaɗan sai ya tarar da su zaune a kan mutum-mutumin. Ya kama su ya kai bayan gari ya saki, ya manta tattabara ce tsuntsun da mutanen da su ke ba wasiƙa ya kai gida daga nesa. Kafin ya komo sun riga shi isowa.

Guba kuwa kada ka kusance ta ko kaɗan. Hatsin da aka barbaɗa wa guba bai san bakin tattabara daga na kaza ba. Wadda ta ci ta faɗi a wani gida, kyanwa ta ɗauka, ko yaro ya tsinta ya gasa.

Ko kisan ma ba ya ƙarar da su. Ga abin da ya faru a wani birni da a ke kira Basel, a ƙasar Suwizalan, can Turai. Daga shekarar 1961 zuwa 1985 ma'aikatan birnin sun kashe tattabaru wajen 100,000, amma yawansu bai ragu ba. Dalili kuwa, abincin da mutane ke watsa musu a titi yana nan yadda ya ke. In an kashe wasu, sauran su sami rabo mai yawa, 'ya'yansu su rayu, su cike gurbin. A 1988 sai aka sāke dabara, bisa shawarar wani malamin jami'ar birnin, Daniel Haag-Wackernagel. Aka yi ta wayar wa mutane kai su daina ciyad da su, aka kuma gina musu 'yan ɗakuna inda a ke lura da su, ana kwashe ƙwai. Cikin shekara huɗu da 'yan watanni suka ragu da wajen rabi. A Landan ma, a dandalin Trafalgar, sai da hukuma ta kafa dokar hana ciyad da su a 2003, ta haɗa da kawo masu shaho suna kewayawa da shi.

Gidanka ba birni ba ne, amma maganin ɗaya ne. Fara da abinci. Ka zaga gidan da hantsi, ka duba da idon tattabara. Ina a ke sussuka da shiƙa? Ina a ke zub da ƙanzo da ruwan wanke-wanke? Ana watsa wa kaji tsaba a tsakar gida ta wuni a ƙasa? A riƙa ba kaji abinci a akurki, gwargwadon abin da za su cinye nan take. A share wurin daka da an gama. In za a shanya hatsi, a sa yaro ya tsare, ko a rufa masa raga. Ruwa ma haka: a rufe tanki da randa, a gyara famfo mai ɗiga, gama tattabara mai yawan shan ruwa ce, tana son wurin da za ta same shi kusa.

Sa'an nan ka koma kan wurin kwana. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka tsaya da magariba ka ga inda su ke shiga, gama ba safai a ke gane ƙofar da rana ba. Ramin da ke jikin ginin ƙasa, magini ya cike shi. Ratar da ke tsakanin bango da kwano, da tagar shan iska ta silin, da gefen farantin sola, kafinta ya buga musu ragar waya wadda idonta bai wuce inci 2 ba, a ja ta sosai, kada a bar kusurwa ko ɗaya. Bakin taga da kan katanga kuwa, inda su ke jeruwa, a ɗora musu katako ko kwano a karkace, ko a yi musu yaɓe mai gangara ƙwarai, yadda in tsuntsu ya sauka ƙafarsa ba za ta kama ba. Wanda zai hau, a riƙe masa tsani.

Amma kada ka toshe ƙofa alhali akwai na ciki. Ka yi aikin da hantsi, sa'ad da manyan suka fita kiwo, ka haska fitila ka duba ko wane lungu. In ka tarar da 'yan shila, ka fid da su, ko ka yi haƙuri su tashi tukuna. Wanda ya rufe su da rai ya zalunce su, warin kuma shi zai kwana da shi. Bayan ka rufe, za su yi ta kewaya gidan kwana da kwanaki suna neman hanya. Ka riƙa dubawa, don in suka sami rata guda, aikin ya koma sabo.

Wurin kwashe tsohon kashi a ke yin kuskure babba. Busasshen kashin tattabara ya kan ɗauki ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, in mutum ya shaƙi ƙurarsa su kan kama huhu. Ba kowa su ke kamawa ba, sun fi tsanani ga wanda jikinsa ba ƙarfi, kamar tsoho, da mai jinya, da wanda wata doguwar cuta ta raunana. Irin waɗannan kada su yi aikin, kada kuma su tsaya kusa. Kai mai yi, ka ɗaure hanci da baki, ka yayyafa ruwa har kashin ya jiƙe sarai, sa'an nan ka kankare ka zuba a buhu. Kada ka share shi a bushe. Tsohuwar sheƙa ka ƙone ta, gama akwai ƙananan ƙwari masu cizo a ciki, in tsuntsaye sun tafi su kan gangaro ɗaki su nemi mutane. In ka gama ka yi wanka da sabulu. Wanda ya ji zazzaɓi da tari bayan irin wannan aiki, ya je asibiti, ya faɗa wa likita aikin da ya yi.

Kashin nan kuma kada ka zubar a bola. Taki ne mai ƙarfi, har a ƙasar Iran, wajen birnin Isfahan, mutanen da sun gina wa tattabaru dogayen hasumiyoyi don su riƙa tara shi suna kai wa gonakin kankana. Sai dai ɗanyensa yana ƙona shuka. Ka gauraya shi da ƙaiƙayi da ganye a rami, ka bar shi ya ruɓe 'yan watanni kafin ka kai lambu.

Saura magana guda. Kafin ka taɓa ko da ɗaya, ka bincika ko suna da mai su. In na maƙwabcinka ne, dukiyarsa ce, ba ka da ikon yankawa ko da a kan soronka suka kwana. Rufe gidanka hakkinka ne, amma ka fara zuwa ka same shi, ka gaya masa da lalama, ya ƙara musu tukwane da abinci da ruwa a can wajensa, ko ya rage su. In kun kāsa daidaitawa, ku tafi wurin mai unguwa tare.