Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa fentin da na fesa wa injin motata yake ɓarewa?

Tambaya: Ni direba ne, ina jigilar fasinja da Golf tsakanin Tsafe da Gusau, wani lokaci har Bunguɗu. Bayan an sauke mini inji an yi masa aiki, sai na sayi fenti na gwangwani na fesa masa baƙi don ya yi kyau. Ranar farko sai ƙyalli yake yi, amma kafin wata ya cika ya fara kumbura yana ɓarewa, wajen da salansa ta haɗu da inji kuwa ya ƙone ya koma toka-toka. Wasu wuraren ma tun farko fentin bai rufe ba. Shin jabu aka sayar mini, ko akwai yadda ake yi? Daga wani mai karatu a Tsafe.

Amsa: Malam direba, Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa. Akwai jabu a kasuwa, wannan gaskiya ne, amma alamomin da ka lissafa sun fi nuna cewa matsalar tana ƙarƙashin fentin. Kumburi da ɓarewa aikin maiƙo ne, ƙonewa kuwa aikin zafin da ya fi ƙarfin irin fentin da ka saya.

Bari mu fara da zafin, don shi ne mai saurin bayani. Injin da ruwan lagireto ke sanyaya shi, kamar na motarka, yana aiki ne a wajen digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Selshiyos. Fentin feshi na gama-gari, irin wanda ake yi wa ƙofa ko keke, ba a haɗa shi don ya kwana ya wuni a wannan zafi ba, balle ga baƙin mai da fetur suna taɓa shi. Akwai wanda aka yi musamman don inji. Kamfanoni irin su VHT da Dupli-Color da Rust-Oleum suna yin sa, kuma za ka ga an rubuta a jikinsa cewa yana jure 500°F ko fiye kaɗan. Ka lura da harafin da ke bayan lambar. F ma'aunin Amurka ne, kuma 500°F daidai yake da digiri 260 a ma'aunin C da muka saba da shi. Wannan ya isa jikin inji da murfinsa. Amma manifol, wato ƙarfen da ke kwaso hayaƙi daga inji zuwa salansa, yana iya wuce digiri 600, musamman idan mota ta ɗauki kaya tana doguwar tafiya. Shi sai fentin da aka rubuta wa 1200°F, kimanin digiri 650, ko sama da haka. Ke nan gwangwani iri biyu kake buƙata. In ba ka samu a Gusau ba, ka ba wani abokin aikinka mai zuwa Kano saƙo ya duba maka a Ƙofar Ruwa, kuma ka ce ya karanta jikin gwangwanin da idonsa kafin ya biya.

Inda aikin yake shi ne wanki, kuma a nan nake so ka fi ba ni hankalinka. Jikin injin tsofaffin Golf baƙin ƙarfen zubi ne mai kaushi, kansa kuma alminiyam. Wannan kaushin yana riƙe baƙin mai na shekara da shekaru, ƙurar hanya ta zauna a kai ta zama danƙo. A garejinmu an saba wanke inji da gas ko kananzir, a busa masa iska, a ce ya fita. Ido zai ga ya fita, amma gas da kananzir su ma mai ne, suna barin santsi a jikin ƙarfe. Fentin da aka fesa a kan wannan santsi bai taɓa ƙarfen ba ko kaɗan, kamar yaɓen siminti ne a kan bangon da ƙasarsa ke zuba. Da inji ya ɗauki zafi, maiƙon da ke ƙasa sai ya motsa ya ɗaga fentin, shi ne kumburin da ka gani.

Don haka sai ka kankare danƙon da buroshin waya tukuna. Ka wanke da maganin cire maiƙo, in babu ka yi da garin sabulun wanki da ruwan zafi, ka dirje sosai, ka ɗauraye, ka maimaita. Tsohon fentin da ya fara tashi da duk wata tsatsa sai sun fita, da buroshi ko takardar gogar ƙarfe. Wuraren da suke sumul, kamar murfin sama, a ɗan goge su don fenti ya samu abin kamawa. Bayan ya bushe ƙarau, ka goge shi da tina a farin ƙyalle. Muddin ƙyallen yana fitowa da baƙi, ba ka gama ba. Daga nan kada hannu ya sake taɓa wurin. Ina roƙonka kada ka yi wankin da fetur, don tartsatsi ɗaya daga mai walda na kusa ya isa ya jawo asarar da ta fi ta fenti nesa ba kusa ba. Kuma idan akwai gasket mai yoyon mai, a canza shi kafin a fesa komai, in ba haka ba an yi aikin banza.

Alminiyam yana da nasa hali, fenti ba ya kama shi da sauƙi. Yana buƙatar fentin shimfiɗa, wanda masu fenti ke kira firaima, irin mai cizon ƙarfe. Baƙin ƙarfen ma firaima mai jure zafi tana taimaka masa, ita ce ke sa launi ya rufe da wuri ba tare da ka ƙarar da gwangwanaye ba.

Kafin feshi ka cire kan batir. Ka rufe altaneta da wayoyi da na'urorin da ke jikin inji da bel da robobi da ramukan fulogi, da takarda da salatif. Kada ka manta da lambar inji. Kai mai bin hanyar da shingayen jami'an tsaro suka yi yawa ne, idan fenti ya cike lambar har ba ta karantuwa, za ka sha tambayar da ba ka da buƙatarta.

Batun rashin rufewa kuma, yawanci gaggawa ce. Mutum yana so ya ga baƙi wuluk a zagaye na farko, sai ya matso da gwangwani ya danne, wani wuri ya yi kauri yana tsiyaya, wani wuri ya zama fayau. Ka girgiza gwangwanin minti biyu bayan ka ji ƙwallon ciki ya fara ƙara, domin launin yana kwanciya a ƙasa. Ka tsaya da tazarar santimita 20 zuwa 30, kamar taƙi ɗaya da ɗan ƙari. Hannunka ya fara tafiya kafin ka danna, kowane layi ya hau rabin na baya. Zagaye na farko ya zama siriri har kana hango ƙarfen ta cikinsa, kada hakan ya dame ka. Ka jira minti 10, ka yi na biyu kamarsa, sannan na uku mai ɗan nauyi. Ka fara da lunguna da ƙasan inji, ka bar fili zuwa ƙarshe. Yawancin irin wannan fenti suna so a gama duka zagayen cikin awa ɗaya. Idan lokacin ya wuce, wasu sai an jira mako guda, domin sabon feshi a kan wanda ya fara ƙanƙamewa yana sa shi yamushewa. Abin da aka rubuta a jikin naka gwangwanin shi ne abin bi.

Yanayin Zamfara ma yana da ta cewa. Masu yin fentin galibi suna ba da shawarar a fesa tsakanin digiri 10 zuwa 32, alhali a watan Afrilu zafin rana a Gusau yana haura 40. A irin wannan rana fentin yana bushewa a iska kafin ya isa ƙarfe, sai ya sauka kamar yashi, ba ƙyalli ba riƙo. Da hunturu kuma ƙura ce ke mannewa a ɗanyen fenti, da damina laima ta sa shi dusashewa. Mafita ita ce sassafe, a inuwa, wurin da iska ke shiga amma ba ta kaɗawa. Ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ka sa takunkumi, inji kuma ya kasance a huce sarai. Gwangwanin kada ya wuni cikin mota a rana, ana gargaɗin kada ya wuce digiri 50 saboda yana iya fashewa.

Na san kwana ɗaya ba aiki asara ce ga direban haya, amma ka daure ka bar motar ta kwana ta wuni. Fentin inji ba ya kai ƙarshen taurinsa sai ya gasu, kuma gashin a hankali ake yi. Ga fentin manifol, ƙa'idar VHT ita ce a tayar da mota a tsaye minti 10 a bar ta ta huce minti 20, a sake tayarwa minti 20 a bar ta ta huce minti 20, sannan a yi tafiyar rabin awa. Za ka ji wari ka ga ɗan hayaƙi, ba matsala ba ce. A makon farko kada ka kai ta a wanke inji da ruwan matsi, kuma idan ruwan birki ya ɗiga a kai ka goge nan take, don yana cin fenti ko da ya gama bushewa.

Wanda ke jikin injinka yanzu kada ka fesa sabo a kansa. Duk inda ya kumbura sai an kankare har ƙarfe ya fito. Ga inji mai silinda huɗu irin naka, ka tanadi firaima ɗaya, fentin inji biyu, da na manifol ɗaya.